Kwana Tara da Aka Ci Don Heriberto da Yaƙi

Idan za a lissafa manyan mutanen garinmu na San Eulogio, dole a fara da Don Heriberto Salvatierra, domin in aka fara da wani, shi da kansa zai tako ya gyara jerin. Allah ya yi masa baiwa iri-iri. Ya ba shi kantin kayan gini mafi girma a duk kwarinmu, ya ba shi kujerar kansila zango uku a jere, ya ba shi gashin baki wanda yake riga shi shiga ɗaki. Abu ɗaya kawai aka tauye masa: an haife shi a makare da shekara ɗari huɗu da ɗoriya. Shi da bakinsa yake faɗa, yana girgiza kai, yana tausaya wa tarihi da ya yi asarar mutum irinsa.

Mu mutanen gari, da yake mun san darajarsa, muka naɗa shi Janar Siminti. A bayan idonsa muke faɗa, saboda girmamawa. Ni kuwa shagon askina yana kallon kantinsa, shekara ashirin da shida ina shan iliminsa daga tsallaken titi ba tare da na nema ba.

Wanda ya shiga kantin neman ƙusa ba ya fita da ƙusa kaɗai. A bangon da ke bayan kanta, sama da gwangwanayen fenti, akwai hotunan mazajen da Janar yake ƙauna, jere reras cikin gilashi. Ga wanda ya taso da dawakai daga gabas, ya tara kawunan mutane ya yi tudu da su. Ga wanda ya ƙone birni saboda an yi jinkirin buɗe masa ƙofa. Ga wani da ya kwashi samarin ƙasarsa ya kai su cikin ƙanƙara, ya baro su can, ya dawo gida da ɗuminsa. Kowace safiya Don Heriberto yakan goge musu fuska da wani tsumma na musamman, wanda hoton aurensa bai taɓa samun arzikinsa ba.

"Dube su da kyau, compadre abokina," yakan ce wa mai sayen ƙusa, wanda ya baro rufin gidansa a buɗe ga hadari yana haɗowa. "Waɗannan ba su nemi izinin kowa ba. Ana cewa sun zubar da jini. To, likita ma yana zubarwa. Ku jini kuke gani, ni taswira nake gani."

A nan kam ya faɗi gaskiya, jini ba ya ganinsa. Ranar da matarsa, Doña Eufemia, za ta yanka kaza, sai Janar ya tuna yana da uzuri a bayan gari. Shekarar da waya ta soke shi a yatsa, maza uku ne suka ɗaga shi daga ƙasa, muka yi ta yi masa fifita da kalandar kamfanin siminti, ya farfaɗo yana tambaya ko an aika wa Padre, limamin cocinmu. Daga baya ya bayyana mana cewa manyan mayaƙa duk haka suke, jikinsu yana da saurin jin abu.

Hoton da ya fi kowanne girma shi ne na Kyaftin Baltasar de Ucedo, mutumin Sifen da ya kafa garinmu. Kowa a nan ya san labarinsa, sai dai labarin iri biyu ne. A tsohon littafin makaranta, ya zo da mutum arba'in da gicciye, ya kafa gari, ya gina coci. A bakin tsofaffin ƙauyukan kan dutse, ya zo da mutum arba'in da karnuka, ya ƙone rumbuna, ya sa aka ɗauko duwatsun cocin a bayan mutane, wanda ya gaji ya ajiye kaya kuma aka sare masa hannu. Don Heriberto bai taɓa musanta na biyun ba. Abin da ya bambanta shi da ƙananan mutane ke nan: shi na biyun ne ma ya fi burge shi. Ya ce jinin Kyaftin ne yake gudana a jikinsa ta wajen uwa. Tsofaffinmu sun tuna kakansa na wajen uwa sarai, mutumin kirki mai alfadari biyu da yake kawo gishiri ran kasuwa. Amma ba wanda ya ga amfanin ɓata wa Janar asali, tunda shi ya sha wahalar ƙera abinsa.

Da bikin cikar gari shekara ɗari huɗu da hamsin ya matso, sai Janar ya kawo wa majalisa shawarar da ya ce za ta fitar da mu kunya a idon duniya. Za a kafa mutum-mutumin Kyaftin, na tagulla, a kan doki, takobi a sama. Shi zai ɗauki nauyin ƙera shi. Wurin da ya zaɓa kuwa shi ne kusurwar dandali da ke fuskantar coci.

Kusurwar ba fanko take ba. Nan matan ƙauyuka suke zaman kasuwa tun kafin a haifi kowa a cikinmu, da dankalinsu iri ashirin, da masara, da cuku, da ganyen magani, ran Lahadi kuma da gasasshen ɓeran Masar. Shugabarsu Doña Saturnina Huallpa ce, 'yar gajeruwa mai shekara sittin da wani abu, mai baƙar hula da kitso biyu har gadon baya. Ba ta da yawan magana. Ta taɓa sa wani jami'in tsafta ya ba ta haƙuri ba tare da ta buɗe baki ba, kallonsa kawai ta yi ta yi har ya ji bai yi wanka ba.

Ranar zaman majalisa zauren ya cika har taga. Malamar makarantarmu, Señorita Nélida Arocutipa, ta miƙe da kwafin tsohon littafin coci, ta karanta sunayen waɗanda aka binne a shekarar da aka yi ginin, har muryarta ta dushe ba ta kai rabi ba. Ta ce ita ba ta ce a share Kyaftin daga tarihi ba, a koyar da shi, a faɗi duk abin da ya yi. Amma mutum-mutumi godiya ce, tana so a nuna mata wanda zai yi godiyar a zauren nan, inda rabin mutane jikokin masu ɗaukar duwatsun ne.

Janar ya bar ta ta zauna. Sannan ya miƙe a hankali, ya soka babban yatsa a aljihun falmaran, ya gyara tsayuwa yadda in akwai mai ɗaukar hoto ba zai wahala ba.

"Señorita tana da zuciya mai kyau," in ji shi, "irin wadda ake buƙata wajen koya wa yara ƙirga. Amma tarihi ba aji ɗaya ba ne. Ƙasa ta wanda ya iya karɓarta ce, ya kuma iya riƙe ta. Kyaftin ya zo, ya tarar da wuri ana wasa da shi, ya karɓa, ya yi abin amfani da shi. An yi kuka? An yi. Kowane babban aiki da kukansa. Wanda ya yi nasara ba ya ba da haƙuri. Wanda aka ci kuma kamata ya yi ya gode, tunda an shigar da shi tarihi kyauta."

Ya tsaya jiran tafi. Likitan haƙori ya tafa, da yake shi da Janar ne kaɗai 'yan Ƙungiyar Masu Girmama Tarihi, ɗaya shugaba ɗaya mataimaki.

Sai aka ga hannu ya ɗago daga bencin baya. Doña Saturnina ce. Ta roƙi a yi mata uzuri, ta ce Sifaniyancinta na kasuwa ne, tana so ta tabbata ta gane.

"Papay, babanmu, cewa ka yi in mutum ya ga wuri ana wasa da shi, ya karɓa, ya riƙe, ya yi abin amfani, to yabo ya kamace shi?"

Fuskar Janar ta washe kamar an ba shi kwangilar gina gada.

"Kin gani, Señorita? Mai dankali ta gane abin da mai digiri ta kasa ganewa. Haka na ce, mamita uwata. Magatakarda, rubuta shi yadda ta faɗa, kada ka rage harafi."

Magatakarda ya rubuta. Aka kaɗa ƙuri'a, huɗu suka rinjayi uku. Kafin mako ya zagayo an tashi matan daga dandali, an kai su bayan maƙabarta, kan wani gangare inda iska take kwashe hula, dankalin da ya suɓuce kuma sai dai a je a same shi a bakin rafi. Masu saye suka ragu. Wata tsohuwa mai sayar da ganye ta zame ta karya ƙugu. Janar ya ce abin tausayi ne, amma ai ya riga ya yi bayani game da kuka.

Ran wata Lahadi ya hau babbar mota zuwa birnin Arequipa don ya ɗauko Kyaftin da hannunsa. Kwana huɗu ya yi. Kowace safiya yakan buga waya gida, Doña Eufemia ta ce masa komai lafiya, gida ma ya yi albarka da baƙi. Ya ji daɗi, ya ɗauka masu zuwa taya murna ne.

Ya dawo ran Alhamis da hantsi. Ya riga ya shirya 'yan badujala su tare shi a bakin gada, suka sako shi gaba da bushe-bushe, yana gidan gaba yana ɗaga wa mutane hannu, Kyaftin a baya naɗe cikin tamfol. Mu duka muka fito. Bai taɓa ganin gari ya fito masa haka ba, har idonsa ya kawo ruwa. Bai san cewa tun Litinin muke jiran wannan safiya ba, kuma a tarihin San Eulogio ba a taɓa riƙe sirri kwana huɗu ba sai wannan karon.

Niyyarsa ya ajiye mutum-mutumin a filinsa har simintin dakalin da aka gina masa a dandali ya bushe. Filin yana manne da kanti, katanga ta zagaye shi, da ƙofar ƙarfe, girmansa ya kai rabin filin ƙwallo. Shekara goma sha biyar abin da ke ciki bai wuce tsibin yashi ɗaya ba, da 'yan rodi masu tsatsa, da mushen wata mota, da ciyawa har ƙugu.

Motar ta sha kwana, ta tsaya. Ƙofar ƙarfe a buɗe take wangame. Ciki kuwa kasuwa ce take ci. Mata sittin sun baje kaya layi-layi, hayaƙin suya yana tashi, ana ciniki, ana dariya. An nome ciyawa. Mushen motar ya zama rumfar cuku. A kan tsibin yashi an kafa gicciye, an ɗaura masa jan fatari yana kaɗawa. Sama da ƙofa an rataye allo, an rubuta da fentin kantinsa: SABUWAR KASUWA, AN KAFA TA RAN LITININ.

'Yan badujala, da yake yarjejeniyarsu har bakin ƙofa ce, suka ci gaba da busa.

Janar ya sauko daga mota da baya-baya.  Da ƙyar ya sami wata siririyar murya da ba mu san yana da ita ba, ya tambaya wa ya ba su izini.

Doña Saturnina tana zaune a tsakiyar dankalinta. Ta ɗaga hula ta gaishe shi da ladabi.

"Ba mu nema ba, papay. Mun ji ka ce ba a nema. Sannu da hanya."

Daga nan garinmu ya ga abin da bai taɓa gani ba: Janar Siminti yana gudu. Ya fara da ofishin 'yan sanda. Ya tarar da Saje yana shan farfesun kan rago da aka aiko masa daga Sabuwar Kasuwa. Saje ya goge baki, ya ce ya je ya duba da kansa, ba a fasa kwaɗo ba, da makulli aka buɗe. Ya ƙara da cewa shi mutum huɗu gare shi, su sittin ne, ɗaya daga ciki kuma surukarsa ce, shi kuwa yana da niyyar ya kai ga fansho da ransa.

Ya wuce wurin magajin gari. Magajin gari ya nuna matuƙar damuwa, ya sa aka kawo littafin zaman majalisa, ya karanta masa maganarsa harafi da harafi, ya ce an rubuta ta ne bisa umarninsa. Zaɓe saura wata biyar, matan nan kuma kowacce tana da miji da 'ya'ya da surukai masu ƙuri'a. Ya yi alkawarin kafa kwamiti.

Ya ƙare a coci. Padre, wanda Janar ya taɓa gaya wa cewa wa'azin tausayi abincin waɗanda aka ci da yaƙi ne, ya saurare shi har ƙarshe, ya rungume shi, ya ce shekara goma sha ɗaya yana faɗa a kan mumbari cewa ƙwace zunubi ne, yau ga shi Allah ya ba shi mabiyi na farko.

Kwanakin da suka biyo baya mun ji kalmomin da ba su taɓa ratsa gashin bakin nan ba. Haƙƙi. Doka. Takardar mallaka. Mutunci. Yakan fito barandar benensa da safe, sanye da rigar barci, ya yi wa kasuwa jawabi.

"Wannan zalunci ne wanda duniya ba ta taɓa ganin irinsa ba. An shigo wa mutum gida ba sallama. An taka masa yashi. An mayar da shi baƙo a inda ya gada. Ina wayewa? Ina tsoron Allah? Wace irin zuciya ce take ganin abin wani ta ce nata ne don kawai tana da yawa?"

Matan sukan saurara da natsuwa, wasu su gyaɗa kai, in ya gama su tafa masa, sannan a aika masa da dafaffiyar masara da cuku. Doña Saturnina ta sa aka gaya masa cewa ya duba alherin da suka kawo: sun kashe ɓeraye, sun haƙa magudanar ruwa, ga jama'a tana giftawa ta ƙofar kantinsa fiye da kowane lokaci. Ta ce kafin zuwansu wurin nan ba ya cikin tarihi. Yanzu har daga garuruwan maƙwabta ana zuwa ganinsa.

Direban babbar motar ya gaji da jira, ya ce shi yana da wani lodin. Da ba inda za a kai Kyaftin, sai aka nemi alfarma wurin matan, suka yarda da karamci a sauke shi a lungun filin. Kafin azahar an ɗaure igiyar rumfa a takobinsa da ya leƙo daga tamfol. Masu sayar da giyar masara suka sami inuwa.

Janar ya koma ga hotunansa neman shawara. Na hango shi ta taga yana tsaye gabansu, hannu a baya, yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Duk cikinsu ba wanda ya bar bayani a kan abin da mutum zai yi idan filin nasa ne. Abu ɗaya ya tuno daga karatunsa: ganuwa ba ta faɗuwa sai da na ciki. A rana ta biyar, ana cin abincin rana, ya ajiye cokali ya tambayi Doña Eufemia yadda aka yi makulli ya bar ƙusar da yake rataye. Tagarsu a buɗe take, ni kuma ba ni da wanda zan yi wa aski a lokacin.

Ba ta ko ɗago daga kwanonta ba. Ta ce ita ta kai musu da hannunta. Gwiwoyinta ba za su iya gangaren maƙabarta kullum ba. Ta kuma tuna masa cewa uwarta ta yi shekara talatin tana sayar da cuku a kusurwar da ya tasa, kuma a nan ya fara ganin ita Eufemia, yana ta kewaya tiren kamar ƙuda, yana sayen cukun da cikinsa ba ya ɗauka. Ta ce in yana so ya sa hotonta a bango, akwai wuri kusa da mai tara kawuna.

A rana ta takwas ya sa baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza, ya sauko, ya shiga filinsa ta ƙofa kamar kowane mai saye. Masu ciniki suka matso kallo. Ni ma na bar wani da rabin gemu na tsallaka. Doña Saturnina tana ɓarar wake. Ta nuna masa buhun dankali, ya zauna.

Wannan karon bai yi jawabi ba. Ya ce mata kwana takwas abinci ba ya shigarsa. In ya leƙo ta taga ya ga mutane suna yadda suka ga dama da abinsa, sai ya ji kamar shi ba kowa ba ne. Ba wanda ya tambaye shi. Abin da ya fi ci masa rai ke nan, ba wanda ya ko tambaye shi.

Ta ci gaba da ɓarar wakenta har ya yi shiru.

"An taɓa jikinka, papay?"

Ya ce a'a.

"An ƙone maka wani abu?"

Ya ce a'a.

"Hannuwanka fa, duka biyun suna nan?"

Ya dube su. Mu ma muka dube su. Suna kan gwiwoyinsa, farare, da zobe.

Ta ce a ƙauyensu akwai wani fegi a gefen hanya da ake kira Wurin Hannuwa. Ƙasarsa tana da kyau, amma ba a shuka komai a ciki. Kakarta ba ta barin su ko wasa a wurin, ita ma ba ta barin jikokinta. Ba wanda ya rubuta dalili, kuma ba yaron da bai san shi ba.

"Kai kwana takwas, kana kwana a gadonka, matarka tana dafa maka, ga shi kwat ta yi maka yawa. Mu kuma cewa ka yi mu zo da furanni mu yi tafi."

Don Heriberto ya yi shiru. Ba mu taɓa ganin shirunsa mai tsawon wannan ba. Har na fara jin tsoron za mu yi asarar Janar ɗinmu, a bar mu da wani mutum mai hankali da ba mu saba da shi ba. Amma Allah ya kiyaye. Ya yi gyaran murya, ya ce ya ji, sai dai abubuwan biyu ba ɗaya ba ne. Wancan tarihi ne. Wannan kuwa filinsa ne.

Doña Saturnina ta ce ita ma iyakar bambancin da ta gani ke nan. Ta cika masa leda da wake ta ce ya kai wa Doña Eufemia.

Washegari aka yi zaman gaggawa. Kansila Salvatierra da kansa ya kawo shawarar a mayar da matan kusurwarsu ta dandali, a kuma ɗage maganar mutum-mutumi sai wani lokaci. Ya bayyana cewa wannan dabarar yaƙi ce, manyan kwamandoji sun san lokacin da ake ja da baya don a ruɗa abokan gaba. Bakwai suka amince, ba wanda ya ƙi. Cikin awa guda matan suka kwashe kayansu, suka share filin tas, suka mayar da makulli. Dakalin da aka gina wa Kyaftin ya yi daidai da baje cuku, yana da tsawo, karnuka ba sa kaiwa.

Kyaftin yana nan a lungun filin har yau. Da aka kware tamfol, sai muka ga maƙerin, da yake ba wanda ya san ainihin kamannin mutumin, ya yi aiki ne da hoton da aka aika masa. Gashin bakin Janar kaɗai ya isa shaida.

Kada wani ya ɗauka wannan masifa ta karya Janar. Cikin wata guda ya mayar da ƙibarsa, ya kuma fito da gyararren ra'ayi, wanda yake bayarwa kyauta tare da kowane kilo na ƙusa. Har yanzu cin ƙasa da yaƙi abin yabo ne, amma da sharaɗi biyu: ya kasance an daɗe da yi, kuma ya kasance nesa da katangarsa. Likitan haƙori ya ce wannan zurfin tunani ya fi ƙarfin garin nan.

Abu ɗaya ya hana shi sakat: kada a manta. Ya rubuta wa majalisa takarda shafi goma sha huɗu, yana neman a yi wani abu na dindindin don tunawa da Kwana Taran nan, domin na baya su san abin da aka yi wa wani bawan Allah a cikin gidansa, rana tsaka, hukuma tana kallo. Ya ce al'ummar da take manta waɗanda aka zalunta ba ta da makoma. Señorita Nélida ta ce ba ta taɓa yarda da maganarsa kamar wannan ba, ta nemi a ba ta shugabancin kwamitin. Aka ba ta.

Kwamitin ya yi aikinsa da sauri. Ran bikin cikar gari, da badujala da komai, aka yaye ƙyalle a kusurwar layinmu, wanda tun kafuwarsa ba shi da suna sai Layi na Uku. Allon shuɗi ne, rubutun fari: TITIN SATURNINA HUALLPA. Mai sunan ba ta zo ba, ta ce ran ciniki ce.

Yanzu duk motar da za ta kawo masa kaya daga Arequipa sai direba ya bugo ya tambayi adireshi. Direbobin bakin teku ne, sunan ba ya zama a kunnensu. Daga shagona nakan ji shi kusan kullum, waya a kunne, ya juya wa titi baya, ya rage murya.

"Huallpa. A'a, Huallpa. Tsaya in faɗa maka harafi-harafi."